Zakin Seth Kothule

Idan za a lissafa manyan mutanen da birnin Bombay ya yi sa'ar samu, sai a fara da Seth D. R. Kothule, sannan a zauna a huta kafin a nemi na biyu. Mutum ne da ya cika riga, ya cika mota, ya cika kujera har ya zubo ta gefe. Zobban da ke yatsunsa sun hana shi dunƙule hannu, shi ya sa ma ba a taɓa jin ya doki kowa ba. Shi ne mai Kamfanin Fim na Kothule, kamfanin da ya yi suna ƙwarai a bakin mai shi, ko da yake a lokacin bai fitar da fim ko ɗaya ba. Ma'aikatansa na kiransa Ranka-ya-daɗe a gabansa. A bayansa kuwa Tulun Zinariya suke cewa.

Abu ɗaya ne ba a ambata a gabansa. Kafin ya zama D. R., Dhondu yake, mai tallar albasa a kasuwar Baikala. Duk wanda ya yi dako a kasuwar nan ya san kiran tallar Dhondu. Yakan taso da muryar daga ƙasan ciki, ya ja ta sama, ya ja, ya ja, sai a ƙarshe ta karye ta yi wata 'yar ƙugiya kamar shaƙuwa. Da yaƙi ya zo, Dhondu ya samu kwangilar kai wa soja albasa, aljihu ya yi nauyi. Ya bar kasuwa, ya datse sunansa ya bar haruffa biyu, ya hau tudun Malabar inda attajirai suke. Can ya ji cewa manyan masu ibada ba sa cin albasa, ran nan ya haramta ta a gidansa. Matarsa Anusaya ta shekara da shekaru tana dafa miyar da ba ta da ƙamshi, tana kallonsa yana haɗiya da ƙyar yana cewa tsarki daɗi gare shi.

Fim ɗin ma da ya shiga yi, ba don son fim ba ne. So yake Bombay ta manta da Dhondu, ta manta har abada. Wannan tsoron ne yake kwana da shi, yake tashi da shi.

Daraktansa, wani dogon mutum mai haƙuri da ake kira Nariman, ya zo masa da labarin fim ɗin, labarin soyayya da rabuwa da waƙa a ƙarƙashin ruwan sama. Seth ya ture takardun gefe.

"Labari kuma? Nariman, kai har yanzu yaro ne a harkar nan. Labari kowa na da shi, mai shara ma na da shi. Tambari ake ji! Abin da ke fara fitowa a allo kafin komai, shi ne fuskar kamfani. Duba na ƙetaren teku. Wani ya sa dutse da taurari. To dutse me ya taɓa yi? Yana nan inda aka bar shi. Wani ya sa mace riƙe da fitila. Mace da fitila, a gidana ma akwai. Wani ya sa duniya tana juyawa, sai ka ce shi ya ƙera ta. Na nan gida kuwa, daga mai giwa sai mai fure sai mai 'yar fitilar ibada. Ɗaya ne kawai a cikin na ƙetaren ya yi hankali, mai zakin nan. Shi ma zakinsa baƙo ne, bai san ƙasar nan ba. Ni zakin gida zan sa. Zaki sarauta ne, Nariman. Zaki asali ne. Ba a tambayar zaki me ubansa yake sayarwa."

"Haka ne, ranka ya daɗe," in ji Nariman, wanda da wannan kalma yake ciyar da iyalinsa.

Aka yi hayar zaki daga wajen masu wasan dabbobi. Bahadur sunansa, dattijo ne mai kawaici, haƙoransa sun riga shi yin ritaya, nama ma sai an niƙa masa. Aka gyara masa gashin wuya da man kwakwa, aka ɗora shi kan wani dandamali mai ruwan zinariya, sunan KOTHULE a sama da harufan da suka fi shi girma.

A Bombay ba a kunna kyamara a sabon aiki sai malamin ibada ya duba taurari ya tsayar da sa'a. Seth ya ɗauko wanda ya fi kowa tsada, shi kuwa ya tsayar da tsakar rana. Taurari dai ba su san cewa lokacin ne Bahadur yake ƙailula ba. Aka fasa kwakwa, aka kunna turare, aka rataya wa kyamara furanni, Seth ya ɗaga hannu ya ba da umarni. Bahadur ya ɗago kai, ya dubi Seth sama da ƙasa, ya buɗe baki iyakar buɗewa, ya yi hamma mai tsawo. Sannan ya kwanta.

"A sake!" in ji Seth.

"Sa'a ta wuce," in ji malamin, yana tattara kwakwarsa. "Abin da aka ɗauka a cikinta shi ne mai albarka. In kun sake, ba ruwana."

Nan fa Seth ya shiga uku. Ga hamma mai albarka, ga gurnani babu. Nariman ne ya fitar da shi, da dabarar da kowane ɗan fim a garin zai kawo ko daga barci aka tashe shi.

"Ranka ya daɗe, wace jaruma ce a garin nan take waƙa da muryarta? Baki suke motsawa, wata can a ɗaki take rerawa. To ai shi ma ya buɗe baki. Sai mu nema masa murya."

Aka shiga neman wanda zai yi wa zaki gurnani. 'Yan kokawa suka zo, mawaƙa suka zo, har da wani mai kiran fasinja a tashar jirgin ƙasa. Seth ya saurare su ɗaya bayan ɗaya yana girgiza kai.

"Wannan kukan yunwa ne. Wancan kukan ɗan haya ne. Gurnanin zaki daga jini yake fitowa, ba a koyonsa. Ku ba ni wuri."

Ya tuɓe kwat, ya tsaya gaban makirufo, ya cika ƙirji. Rabon da ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa tun yana kasuwa, maƙogwaro kuwa hanyar da ya saba ita ya bi. Muryar ta taso daga ƙasan ciki, ta hau, ta hau, ta karye a ƙarshe da 'yar ƙugiyarta. Ma'aikata suka tafa, domin a cikinsu babu ɗan Baikala, kuma ko da akwai, ƙarshen wata ya kusa. Seth ya sa aka maimaita masa faifan har ya yi ƙwalla. Ya ce a jera gurnanin sau uku, tunda na ƙetare bai kai haka ba.

Ranar Juma'ar da za a fara nuna fim ɗin, Seth ya gayyaci duk wanda yake so ya burge: masu kamfanoni, masu gidajen silima, 'yan jarida, maƙwabtansa na tudun Malabar. Aka jera su a bene. Kujerun ƙasa na gaba kuwa, ya umarci Nariman ya cika su da masu tafi, yadda ake yi. Nariman mutum ne mai son aiki ya yi kyau. Ya tambayi kansa su wa suka fi kowa taurin tafin hannu a Bombay, ya aika Baikala aka kwaso 'yan dako.

Aka kashe fitilu. Dandamalin zinariya ya bayyana, ga KOTHULE, ga Bahadur yana sheƙi. Seth ya gyara zama, ya taɓa Anusaya da gwiwar hannu. Zaki ya buɗe baki.

Gurnanin farko, kujerun ƙasa suka yi tsit. Anusaya ta ja gyale ta rufe baki, kafaɗunta na rawa don dariya. A na biyu aka ji wani tsoho a layin gaba ya ce, "Kai, tsaya!" Bhiku ne, shugaban 'yan dako, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana sauke wa Dhondu buhu. Da na uku ya kai kan 'yar ƙugiyar nan, Bhiku ya miƙe tsaye kan kujera.

"Wallahi Dhondu ne! Dhondu mai albasa! Kai Dhondu, yaushe ka yi gashin wuya?"

"A auna mini kwando, banda ruɓaɓɓu!" in ji wani.

"Haba, ku dube shi, har yanzu bai daina cika baki ba!"

Layin gaba gaba ɗaya suka ɗauki kiran, suka ja shi tare, suka karya shi daidai inda yake karyewa. Suka yi ta ihu a maido da zaki, har mai na'urar haska fim ya tsorata ya maido. A bene, wani ɗan jarida ya sunkuyo da ladabi ya tambayi Seth ko ya san wani mai suna Dhondu. Seth ya ce ciwon kai ya kama shi. Gaskiya ni da nake cikin masu kallo a ranar na tausaya masa, ko da yake ban daina dariya ba.

Fim ɗin ya karɓu, ba a isa a ce bai karɓu ba. Gidan ya yi ta cika, sai dai rabin mutanen na ficewa da zarar zaki ya rufe baki. Al'adar 'yan kallonmu ce, in abu ya yi musu daɗi su jefi allo da 'yan kwabbai. 'Yan Baikala suka ga kwabo bai dace da tsohon abokinsu ba, suka riƙa zuwa da albasa a aljihu suna jifan allo da ita. Mai gidan silima mutum ne mai amana. Kullum sai ya sa a tsince ta a ɗure a buhu, a kai tudun Malabar, a ce saƙon masoyan zaki ne.

Da buhun farko ya iso, Seth ya ce a zubar. Anusaya ta ce a shigo da shi kicin. Da rana ƙamshin suya ya cika gidan, ya fita har titi, ta ajiye masa kwano a gabansa.

"Ci, maigida," ta ce. "Tunda ka shiga fim, yau ne ka fara kawo abin miya gida."

Ya ci. Har ya nemi ƙari.