Yadda Na Sallami Sale Tanka

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka ba ni riƙon ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Azare ba, ko da yake da mantuwa ana sayar da ita a kasuwa da tuni na saya. Shekarun nan ne da wayar salula ta fara shigowa gari, gidajen kallon ƙwallo suka cika kowane lungu. Ni ina koyarwa a firamare, amma rabin hankalina yana Turai. Na san ɗan wasan da aka saya, na san wanda aka sayar, na san kocin da za a kora tun shi bai sani ba. Ƙwallon ce dai ban iya bugawa ba (sau ɗaya na gwada, na yi kwanaki ina ɗingishi). Saboda haka da aka ce ana neman manaja, sai na ji a raina ai don wannan aikin aka haife ni.

Mutum ɗaya ne ke ɗauke da ƙungiyar, Alhaji Garba mai sayar da hatsi. Shi ke sayen riguna da ƙwallaye, shi ke ba kowane ɗan wasa kuɗin sabulu duk wata, har da damina lokacin da ake rufe wasa kowa ya tafi gona. A shekarar kuwa mun sha kashi har mun saba. Ruwan farko na sauka ya kira ni rumfarsa.

"Malam, na gaji," in ji shi. "Ina ciyar da ƙarti, su kuma suna saka min da baƙin ciki. Ka rage min nauyin nan, ka samo min mai cin ƙwallo. In kaka ta yi ban ga canji ba, kowa ya kama gabansa."

Wato ko in gyara, ko ƙungiyar ta mutu a hannuna. Daga ranar ban sake zama wuri guda ba. Ina aji ina jera 'yan wasa a kaina, ina cin tuwo ina sayar da mai tsaron gida. Matata ta ce ko a barci sai ta ji ina cewa "a cire shi".

Dabarar da na yanke irin ta manya ce: in sallami tsofaffin, in haɗa kuɗin sabulunsu in ɗauko gwani guda. Na fara da Sale, mai tsaron baya, wanda ake kira Tanka. Tun da aka kafa ƙungiyar yake ciki. Mutumin kirki ne, amma in zai juya sai ka ce tirela a lungun kasuwa, kafin ya gama an riga an ci mu har an dawo da ƙwallo tsakiya. Na same shi a teburin mai shayi, na gyara murya.

"Sale, ƙungiya ta gode da hidimarka, amma yanzu za mu ɗauki sabon salo."

Ya ajiye kofi. "Manaja, kora ta ka yi ke nan?"

"A'a, haba! Hutu ne."

Sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Bari in je in gaya wa Baba."

Sai da na danne dariya. Ƙato da gemu, wai zai kai ƙara wurin Baba! A hanyar gida har ina yaba wa kaina, ina cewa shugabanci sai da taurin zuciya.

Daga nan na ari babur ɗin ƙanin matata na shiga farautar gwani. Yau ina Shira, gobe Disina, jibi Gamawa, cikin taɓo da ruwa. Na faɗi a kwata, na tura babur har tafin hannuna ya yi kanta, ban daddara ba. A Gamawa na samo shi, wani siririn saurayi Ɗanjuma, ana ce masa Walƙiya. Ya ce sai an saya masa waya da takalmi, a kuma ninka masa kuɗin sabulu. Na ce an gama, tun bai rufe baki ba.

Ana cikin haka kocinmu, mutum ne marar yawan magana, ya tare ni a bakin masallaci.

"Manaja, ka leƙa fili kuwa kwanan nan?"

Na ce, "Koci, fili ai ba ya gudu. 'Yan wasa ne ke gudu." Na buga babur na bar shi tsaye (har yau in na tuna wannan amsar sai in ji kamar in shige ƙasa).

Da damina ta ja baya, na shirya bikin nuna sabon gwani. Na gayyato wata ƙungiya daga Disina wasan sada zumunci, na ɗauko hayar kujeru da lasifika. Har kwat na saya a gwanjo wurin wani Inyamuri da ya rantse min da Hausarsa tsaf cewa na fito kamar kocin Turai. Rana ta take, ina zufa kamar an jiƙa ni, amma ban cire ba. Filinmu yana bayan gari ne, in ka ɗan saki hanyar Katagum, kusa da wata ƙatuwar kuka. Muka ɗunguma: ni a gaban motar Alhaji, shi da Walƙiya a baya, motar baƙi na biye, a-kori-kurar kujeru a ƙarshe.

Ina ta zuba, ina bayyana wa Alhaji sabon tsari, sai direba ya ce, "Malam, ai mun wuce kukar."

Muka juyo. Ga kuka, babu fili. Gero ne, ya fi ni tsawo, ya yi kai shar da shi, iska na kaɗa shi. Na fito na zagaya kukar kamar filin zai ɓullo ta bayanta. Sai can na hango sandar saman raga ta leƙo tsakanin zangarniya. An rataya mata tsohuwar rigar ƙungiyarmu don korar tsuntsaye.

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Ni kuwa sai na fizge makirufo daga hannun mai lasifika, don a san akwai manaja a wurin. Daidai lokacin wani dattijo ya fito daga cikin geron da fartanya a kafaɗa.

"Baba!" na ce, muryata na amsa-kuwwa har bakin titi. "Wa ya ba ku izinin noma filin hukuma?"

Ya dube ni tun daga kwat har takalmi. Ya yi wa Alhaji sallama tukuna, a natse, sannan ya juyo.

"Hukuma kuma? Yaro, gonar nan tun kakana muke nomanta. Na bar ta ne saboda Sale yana son wasan nan nasa. Shekara da shekaru ina haƙura da gerona don ya samu wurin gudu. To ya zo ya ce min kun ba shi hutu. Na ce madalla, ita kuma gona nata hutun ya ƙare."

Makirufon da ke hannuna yana kusa da bakinsa, don haka babu wanda bai ji ba. Mutanen Disina suka fashe da dariya, har da masu riƙe ciki suna dukan jikin mota. Walƙiya ya leƙo ta taga, sabuwar wayarsa a hannu, ya ce, "Manaja, a nan zan buga?"

Ashe duk unguwar an san gonar Malam Buba ce, mahaifin Sale. Ni kaɗai ne ban sani ba, ni da na san albashin 'yan wasan da ban taɓa gani ido da ido ba. Alhaji kuma bai san wa na kora ba, don abin da na gaya masa kawai shi ne na rage nauyi.

"Sale ka sallama?" ya tambaye ni a hankali.

"Ranka ya daɗe, ai ba ya gudu..."

"Malam, cewa na yi ka rage ruwa, ban ce ka fasa randar ba."

Ya shiga mota ya rufe ƙofa, ba da ni ba. A saman kujerun haya na koma gari, ina riƙe da lasifika, yara na ɗaga min hannu. Wallahi ranar na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro, don na ɗauka na kashe ƙungiyar ke nan.

Washegari na je gidan Malam Buba na durƙusa a zaure. Dattijon bai wahalar da ni ba. Ya ce fili yana nan bayan girbi, in Sale ya dawo, in kuma mu ne za mu yanke geron mu baje ƙasar da hannunmu. Walƙiya ya ce shi ba yankan gero aka ɗauko shi ba, ya hau mota zuwa Gamawa da waya da takalmi. Mu kuwa muka shiga gona. Ƙaiƙayin gero ya ci wuyana har ya yi ja, Sale yana gefena yana ce min, "Sannu, Manaja, a hankali," abin da ya fi zagi ciwo. Alhaji da ya ga an sasanta bai rushe ƙungiyar ba. Ni dai ya rushe, ya ce in koma wa allo da alli.

Abin da na koya shi ne, kafin ka ce wani ba shi da amfani, ka fara bincika a kan ƙasar wa kake tsaye. Yanzu ni ne shugaban wata makaranta, muna da wani tsohon mai gadi da ke barci tun daga fareti har tashi. Malamai sun dame ni in sallame shi. Ni kuwa kullum da safe sai na rage tsawo na gaishe shi, don har yau ban gano gonar wa aka gina makarantar a kai ba.