Ranar da Na Wanke Keken Nasiru

Ku matso ku ji abin kunyar da na tafka da furfurata. Jikana Nasiru, ma'aikacin gwamnati ne, ya sayo keken hawan duwatsu, ja wur. Wuni guda ya yi yana manna masa wata leda mai sheƙi. Ban tambaye shi ba. Na dai ce a raina, mutum da iliminsa zai riƙa yawo da leda a keke kamar baƙauye?

Washegari yana tafiya ofis na ɗauko wuƙar albasa na ɓare ledar tas. Danƙon ya ƙi fita. To, ni da na shekara hamsin ina wanke tukwane, danƙo ne zai gagare ni? Na haɗa toka da soson ƙarfe na durƙusa. Kafin azahar keke ya yi fari fat, kamar sabuwar tukunya.

Da ya dawo ya zagaya keken yana dubawa. Can ya ce, "Hajiya, ledar nan fenti take karewa. Ina fentin?"

Na nuna masa kwata.

Har yau in na fito a unguwarmu Kinkinau, maƙwabta sai su janye baburansu: "Hajiya, namu a wanke yake!"