Yadda Za Ka Harba Yayarka Sararin Samaniya Ba Tare da Ka Tambaye Ta Ba

Idan burinka ka rubuta ƙagaggen labarin kimiyya wanda jarumarsa mai naƙasa ce, to ka faɗo hannun gwani. Ni nan shafi ɗari uku da goma na zuba. Bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari duk kunyar da na sha kai ma za ka sha, ba ragi.

Mataki na ɗaya: Nemo jaruma a cikin gida

Kada ka wahalar da kanka. Ni yayata na ɗauka. Shan inna ya kama ta tana shekara uku, a keke ta girma, yau shekararta goma sha huɗu tana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tasha. Na sauya mata suna, na ɗora ta kujerar matuƙin kumbo, na tura ta neman ruwa wata duniya. Ban gaya mata ba. Mai neman izini ba ya zama marubuci.

Mataki na biyu: Kada ka tambaye ta komai

Tambaya na kashe basira. Ciki ɗaya kuka fito, me ya rage ba ka sani ba? Na rubuta cewa jarumata kullum tana kallon ƙafafun mutane tana sharar hawaye. Yayata ta gaske kuwa, sau ɗaya na taɓa ganin hawayenta, ran da ƙarfen narka dalma ya ƙone mata yatsa, shi ma zagin ya fi hawayen yawa. Amma ina ruwan littafi da wannan?

Mataki na uku: Warkar da ita a babin ƙarshe

Nan ne gwaninta take. Na sa likitocin wata duniya suka dasa mata ƙafafun ƙarfe masu ƙyalli, ta miƙe tsaye, ma'aikatan kumbo suna tafi. Ni da na rubuta sai da na share ƙwalla. Maiɗakina ta karanta, ta ajiye a hankali, ta tambaye ni ko Yaya ta gani. Na ce ba-zata nake shirya mata. Ta ce gara ta gani tun abin yana tsakaninmu.

Mataki na huɗu: Kai mata, ka koma karɓar yabo

Kwana biyar ta yi da shi. Da na koma, na tarar da ita sunkuye kan wata waya da ta farke wa ciki. Ba ta ɗago ba ta shiga lissafo mini: batirin kumbon nan ko kwanar gidanmu ba zai kai ba, kuma a babi na tara jarumar ta faɗo daga kujera a inda abu ba ya faɗuwa. Sannan ta ajiye sukundireba.

"Can sama babu nauyi, ko? Kowa shawagi yake."

"Haka ne, Yaya."

"To ka kai ni wuri ɗaya tak da ƙafa ba ta da aiki, can ɗin ma sai da ka maƙala mini ita. Wa ya ce maka cigiyarta nake?"

Mataki na biyar: Kare kanka, ka ƙara nutsewa

Na ce ai ƙafafun alamar 'yanci ne. Sai ta tambaye ni yadda ƙofofin kumbon suke. Baki har kunne na bayyana mata: masu faɗi ne, da kansu suke buɗewa, ko tudu ɗaya babu. Ta gyaɗa kai, ta ce lallai injiniya ne ni.

"Shekararka shida a gidan nan naka," ta ce. "Matakala huɗu ne a ƙofar. Ran da aka haifi 'yarka, a waje aka miƙo mini ita. Ban san kalar falonka ba."

Na tuna mata sau nawa na ce zan ɗauke ta in shigar da ita. Ta ce ita ba buhu ba ce. Na kwashi takarduna na fita, ko sallama na kasa yi.

Mataki na shida: Bar matarka ta kira magini

Ni ina zaune ina tunani mai zurfi, ita ta kira shi ya yi gangare a gurbin matakalar. Gangaren farko da ya yi ya cika tsayi. Yaya ta zo ta gwada, keken ya dawo da baya, ta sa ya fasa ya sake. Ran Asabar ta turo kanta har tsakiyar falo, ba wanda ya taɓa keken. Ta dubi ko'ina, ta ce labulen bai yi ba, ta ɗora 'yata a cinya, sannan ta ce in kawo littafin. Yanzu shafi casa'in ya rage. An cire hawayen, an cire ƙafafun, jarumar kuma ta koyi zagi.

Sanarwa

Duk wanda ya bi matakan nan ya sha faɗa wurin yayarsa, ko matarsa ta daina kiransa marubuci, ko ya wayi gari da siminti a ƙofar gida, babu hannuna, shi ya jawo wa kansa. Kuma kada wanda ya tare ni yana tambayar yadda labarin ya ƙare. Yaya ce ke rubuta babin ƙarshe, ta ce in an buga zan gani.