Bawul Takwas a Tsakar Gidan Iya Hawwa

"Lafiya lau na kwana, sai dai ganinka da ya ɓata mini safiya," in ji Iya Hawwa tana ajiye buta. "Wane irin miji ne zai zo gaida matarsa da baƙin mai har gwiwar hannu?"

"Irin wanda ya dace da mace mai haƙori huɗu," in ji Suhaibu. "Ya sanyi, amarya?"

Suhaibu jikanta ne, bakanike a Kura. Tun jiya Laraba ya iso ƙauyensu da ke gefen Bunkure, ya kwance kan injin tsohuwar a-kori-kurar kakansa, marigayi Malam Datti, wadda ta shekara uku a gindin darbejiya kaji na kwana a ƙarƙashinta. Baffansa Badamasi ya riga ya gama magana da 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa, ranar Asabar za su zo su ja ta. Iya ba ta yi musu da ɗanta ba, sai ta aika aka kira mata jikan a ɓoye. Da Badamasi ya ji, sai ya ce to, idan motar ta tashi kafin Asabar a bar ta ta kai tumatirin bana kasuwa, ga shi can bakin kanal ɗin ban ruwa ya fara ja.

Iya ta dubi ƙarafan da aka jera mata a kan buhu. "Ka zazzage mata hanji a tsakar gidana. Gyara kake yi ko fiɗa?"

"Bawul ne suka cinye, Iya. Su ne ƙofofin da inji ke shaƙar iska yana fitar da hayaƙi. Takwas ne, kuma babu mai rufuwa ruf. Shi ya sa take tari irin naki."

"Motar nan ta girmi ubanka. Ka yi maganarta da ladabi."

"Ai ita na fara gaisarwa. Ita ba ta zage ni ba."

Ya shafa wani mai mai tsakin yashi a bakin bawul ɗaya, ya zura shi a mazauninsa, ya manna masa wata ƙaramar sanda mai roba a kai, ya hau murzawa tsakanin tafukansa. Iya ta tsaya ta riƙe haɓa.

"Ashe kaɗa miya aka tura ka Kano ka koyo? Shekara biyar. Da gindin murhuna ka zauna, wata guda ka gama."

"Wannan girandin sunansa. Sai mai ilimi."

"Maburgi sunansa, kuma ko riƙonsa ba ka iya ba."

"Ke dai tanadi kunu. Mijinki na aiki, kina tsaye kamar turken awaki."

Kafin azahar ya murza huɗu, tafin hannunsa ya yi bororo. Ya mayar da su, ya karkata kan injin ya tsiyaya kananzir ta ramukan, ya ce idan bai yoyo ba aiki ya yi. Suka zuba ido. Biyu suka riƙe, biyu kuwa sai ga kananzir yana tsattsafowa ta gefensu.

Suhaibu ya ajiye kananzir ɗin. Ya dubi hannunsa, ya dubi sauran huɗun da ko taɓa su bai yi ba. Iya ta san wannan kallon, don haka kakansa yake yi idan abu ya tsaya masa. Ta tuna Asabar jibi ce. Sai ta jawo kujera 'yar tsuguno, ta naɗe hannun riga.

"Miƙo nan."

"Iya, ba kuɓewa ba ce fa."

"Na ce miƙo. Kana danne shi kamar ka kama ɓarawon albasa. Ƙarfe ma lallashi yake so."

Ta ɗibi man da ɗan yatsa, kaɗan ƙwarai, ta zagaya bakin bawul ɗin. Ta murza a hankali, ta ɗaga, ta ɗan juya shi, ta sake zaunar da shi. Hannunta na tafiya kamar ba na 'yar saba'in da biyar ba.

"Kasa kunne. Ka ji yana ƙaras-ƙaras? Idan ya koma sul-sul, ya zauna ke nan."

Suhaibu ya saki baki. "Wa ya koya miki?"

"Wa kake tsammani yake yi wa Malam wannan aikin? Sau uku muna kwance injin nan a wannan tsakar gidan. Ni ke murzawa, shi yana shan fura, sannan ya fita ƙofar gida ya ce ya gaji."

"Ashe Malam ya ci amanar tarihi."

"Bar mini mijina na gaskiya ya huta. Kai na wucin gadi, goge wannan ka gwada."

Ya goge. Wani siririn zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin bawul ɗin, babu inda ya yanke. Ya mayar, ya zuba kananzir. Suka jira har wata kaza ta zo ta leƙa ta wuce. Ko ɗigo.

"Sa'a ce," in ji Suhaibu.

"To miƙo mini sa'a ta biyu."

Haka suka wuni, ita tana murzawa, shi yana wankewa da gwadawa, baki bai huta ba. Ya ce idan mota ta tashi a baya za ta zauna tare da kwanduna. Ta ce gaba za ta zauna, har ta ɗora hannu a taga. Ya ce gara dai gaban, kada dillalan kasuwar Kwanar Gafan su gan ta cikin tumatir su ɗauka kauɗa ce su taya.

"Ko kauɗar ce na fi ƙarfin aljihunka," in ji ta.

Da hantsin Juma'a ya gama ɗaure komai, ya sa batirin da ya zo da shi daga gareji. Badamasi ya shigo ya tsaya daga gefe, hannu a baya. Suhaibu ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi shiru. Ya sake. Ta girgiza, ta tofar da baƙin hayaƙi, sannan ta kama, ƙararta ta daidaita, kaji suka watse.

Badamasi ya yi murmushi, ya ciro waya ya fita zaure don ya ce wa 'yan gwangwan an fasa. Iya ta juya baya tana goge ido da gefen mayafi.

"Kuka kike yi, amarya?"

"Hayaƙinka ne. Je ka kama jan zakaran can ka tafi da shi."

"Ladan aikina ke nan?"

"Wane aiki? Aiki ni na yi. Wannan ladan kallo ne."

Suhaibu ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya. "Na karɓa, oga. Shigo gaba mu je mu duba tumatir."