Ranar Da Na Cinye 'Ya'yan Baba

A zaurenmu na intanet, na masu wasan lido a waya, tausayi abin kunya ne. Wanda ya samu ɗan abokin karawa bai cinye ba, yini ake ana masa dariya. Na ɗauka ko'ina haka ake.

Da wannan tarbiyya na isa gonar tumatirin baban Hafsa, yarinyar da nake nema, a Kadawa. Na tarar da shi da mutanensa suna jiran ruwa ya iso layinsu, suna buga lido, waya ɗaya tana zagayawa.

"Zauna ka kama ja," in ji Baba.

A littattafan da na sha karantawa, a irin nan jarumi yake nuna bajinta, labari ya kai kunnen masoyiya. Na ga Sale, yayan Hafsa, yana tsallake 'ya'yan Baba, na ce a raina bai iya ba. Na cinye na farko, Sale ya taka min ƙafa. Na cinye na biyu, hira ta ɗauke. Da na kora na ƙarshe gida, sai bakina ya suɓuce da kirarin zaurenmu: "Na gaba!"

Baba ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallona. "Ɗan gidan wa ka ce kake?"

Sai da kawuna ya je ban haƙuri maganar aure ta ci gaba. An ɗaura, amma har yau in na durƙusa gaishe shi, Baba yakan amsa a taƙaice, ya waiga ya ce, "Na gaba."