Cukun da Ya Yi Kumfa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so ma mutanen gidanmu ba za su bar ni ba, da ranar da na shayar da mahaifina da babban amininsa sabulu. Na ce shayarwa, amma wataƙila ciyarwa ta fi daidai, tunda sai da suka tauna kafin su kora da shayi. (Ina son in faɗi abu yadda yake. Wannan halin ne ma ya jawo mini abin da zan ba ku labari.)

Shekara shida ke nan ko bakwai bayan samun ƴancin kai, na fi zaton shida. Lokacin ƙasarmu ba ta da jami'a, sai gwamnati ta tsinci ƴan kaɗan daga cikinmu ta tura Dakar. Ni aka ce in karanci shimi, wato ilimin haɗa sinadarai. A garinmu Dakoro ba wanda ya san shimi, sai aka taƙaita aka ce karatun likita nake yi. Ban amsa ba, ban kuma musa ba.

A shekara ta biyu muka shiga darasin sinadaran da ke jikin abu mai rai, su mai da kitse da sukari. Na takarda bai dame ni ba, haddacewa nake yi. Labo, wato ɗakin gwaji, shi ne ya zame mini ƙaya. Kowace Laraba awa huɗu muke yi a tsaye cikin farar riga, tsakanin kwalabe masu dogon wuya da wuta mai shuɗin harshe. Mushe, wato malamin da ke kula da mu, yana da doka biyu: kada ka ɗanɗana komai, kada kuma ka ce abu kaza ne sai ka gwada ka tabbatar. Ina jin na riƙe dokokin nan fiye da yadda shi kansa ya riƙe su.

Ranar jarrabawar watan Yuni aka ba ni mai aka ce in mayar da shi sabulu. Na wanke kwalabena sau uku, na auna man sau huɗu, kafin in farga lokaci ya kusa ƙarewa. Abin da na samu a gindin kwano fari ne, amma ban sami zarafin gwada shi ba. Mushe ya zo ya nuna shi da bakin alƙalami ya ce, "Mene ne wannan?"

Na ce yana iya zama sabulu, yana iya zama man da bai gama juyewa ba, ba kuma zan kore yiwuwar duka biyun ba. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce in dawo watan Oktoba, idan ni da abin mun gama sanin juna. Wannan aikin dai zai sake ba ni. In na sake faɗuwa, sai gida.

Gida kuwa na nufin in sauko daga kamyo, babbar motar da ke zuwa garinmu, a gaban mutanen da suka raka ni tasha da addu'a, in ce musu likita bai yiwu ba. Don haka da na zo hutun damina ban gaya wa Baba komai ba, na dai ce akwai ɗan sauran aiki. Na kafa labo a bayan rumbu da tsohuwar tukunya, da muciya, da agogona, da kaye, ɗan littafin da nake rubuta abin da na gani. Na tace ruwan tokar karan gero, na roƙi Inna man shanu.

"Wai har bakin teku aka kai ka koyon abin da kakarka ke yi tana hira?" in ji ta, tana miƙo mini ƙwaryar.

Na ce na kaka baƙi ne, nawa fari ake so, kuma akwai ka'ida. Ta ce to Allah ya ba ka'ida sa'a.

Karo na farko ya fito kamar miyar kuɓewa. Na biyu ya ƙone. Na uku ban san yadda zan kwatanta shi ba, kaji ma sun kewaye shi. A karo na shida na zuba gishiri kamar yadda littafi ya ce, sai ga wani abu fari ya taso sama. Na kwashe. Saura ya bushe, sannan in gwada. Ba ni da abin zubi, sai na lalubo wata ƴar asabarin kara a ɗakin ajiya. Na shimfiɗa abin a kanta falle huɗu, sirara don su yi saurin bushewa, masu kusurwa huɗu don ina son abu a tsare. Na ɗora a kan rumfa. Na yago takarda na rubuta kada a taɓa, da manyan baƙaƙe, na ja layi biyu, na danne da dutse. Da Faransanci na rubuta. (A gidan nan kaf ni kaɗai ke karanta Faransanci. Wato na gargaɗi mutum ɗaya tak, shi ne kuma wanda ya riga ya sani.)

Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne asabarin nan ta shanya cuku ce. Wanda bai san cuku ba, madara ce makiyaya ke daskararwa su shimfiɗa falle-falle a rana, ya bushe fari da zanen kara a jikinsa, a riƙa tsomawa a shayi. Nawa ma da ya kwana biyu ya fito da zanen kara, layi-layi, gwanin sha'awa.

Ranar kasuwa Baba Agali ya sauka gidanmu. Makiyayi ne daga Azagor, aminin Baba tun kafin a haife ni. Shi ya kawo dabbobi, Baba ya auna masa hatsi. Dogo ne, kullum fuskarsa a rufe da rawani, idanu kaɗai ake gani, ko abinci zai ci ta ƙarƙashin rawanin yake kai hannu. Inna ta tafi barka maƙwabta, ni kuma na je gidan waya. Na dawo bayan la'asar na tarar da su a zaure a kan tabarma, butar shayi a kan gawayi. A kan tire ga fallayena huɗu, ɗaya an riga an ɓare shi biyu. A gefen gawayin kuma ga guntun takarda yana cin wuta, na gane layi biyun da na ja.

"Ga likitan nan," in ji Baba. "Zo ka gaida babanka."

Na durƙusa na gaishe shi, idona a kan tire.

"Agali, shekara ashirin kana ce mana mutanen gari ba mu san madara ba," Baba ya ci gaba. "To ga namu. Yaron ga da hannunshi ya yi, kwana bakwai yana bayan rumbu yana hwama. Na ce ashe lakwal, makarantar nan tasu, tana da rana." Ya juyo wurina. "Ko ba cuku ba ne?"

Kalma biyu ta ishe ni. Sabulu ne. Jaririn da ya fara magana zai iya faɗinsu. Amma ban gwada ba tukuna, kuma ga baƙo, ga Baba yana murmushin da ban taɓa ganin ya yi saboda ni ba. Na ji muryar Mushe a kunnena.

"To, Baba, ba zan ce cuku ne kai tsaye ba. Asalinshi dai daga saniya ya hito."

"Ka ji ko? Daga saniya."

"Sai dai in aikin ya tahi yadda littahi ya ce, akwai yiwuwar ya zama wani abu dabam. In kuma bai tahi ba, shi ma wani abu ne dabam."

"Haka yake magana," Baba ya ce wa baƙonsa. "Tun yana ƙarami, in ka tambaye shi ko ya ƙoshi, sai ya ce a bari a gani. Bisimilla."

Baba Agali ya ɓari guntu, ya tsoma a kofin shayi, hannun ya ɓace a ƙarƙashin rawani. Na ga rawanin yana motsi a hankali. Ya tsaya. Ya sake motsi. Idanun nan da suka saba kallon rana tsaka ba ƙiftawa suka cika da ruwa. Amma mutumin daji ba ya kushe abincin mai masauki, ko da ƙasa aka zuba masa.

"Yana da ƙarhi," ya ce. Ya ɗan numfasa. "Ɗana, saniyar mi take ci?"

Na ce ban bincika ba.

Baba ya kai nasa baki. Shi ba shi da rawanin ɓoye fuska, don haka na ga komai: hancin ya tattare, kunnuwan suka ja baya. Amma ya riga ya yi kuri a gaban aboki, ba hanyar komawa.

"Haka na Turawa yake," in ji shi da wata murya da ban san shi da ita ba. "Sai a na biyu daɗin ke zuwa." Ya ɓari na biyu. Baba Agali, don kada a bar mai gida shi kaɗai, shi ma ya ɓara.

Ina durƙushe ina shirya jimlar da zan faɗa, wadda ba za ta zama ƙarya ba, ba kuma za ta wuce abin da na tabbatar ba. Ina cikin gyara ta aka zo zagaye na biyu. Baba Agali ya juye ragowar kofunan da aka yi ta tsoma abin a ciki cikin buta, ya ƙara ruwa da sukari, ya bari ta tafasa. Sannan ya ɗaga butar sama kamar yadda suke yi, ya saki shayin daga nesa don ya yi kumfa. Ai kuwa ya yi. Kumfa ta cika kofi, ta haye baki, ta sauko kan tire, ta rufe sauran kofunan, ta gangaro tabarma ta nufi takalman Baba. Butar ma ta fara fitarwa ta hanci.

Baba Agali ya riƙe butar a sama yana kallo. "Shekara arba'in ina zuba shayi ina neman kumhwa," ya ce a hankali. "Ban san haka take zuwa in ta tashi zuwa ba."

"Sukarin Maraɗi ne," in ji Baba, yana janye ƙafa.

A nan ne ya kamata in tsorata. Ina kuma zaton na tsorata, wani ɓangare nawa dai. Amma littafi ya ce alamar sabulu ita ce kumfar da ke tsayawa ba ta kwanta ba, ni kuma wata uku ina mafarkin wannan kumfa. Ban san lokacin da na zaro kaye daga aljihu ba. Na matso gaban tire, na kalli agogo, na fara rubutu: minti ɗaya, ba ta kwanta ba, minti biyu, tana nan. Sai shaƙuwa ta kama Baba Agali. Daga tsakanin rawani da karan hancinsa wani ƙwan kumfa ya leƙo, ya kumbura, ya rabu da shi, ya tashi yana walƙiya kore da ja. Mu uku muka bi shi da ido har ya fita ta ƙofar zaure.

Na miƙe tsaye, hannu biyu a sama, kaye a ɗaya. "Alhamdu lillahi, ya yi! Sabulu ne!"

Su biyun suka zuba mini ido. Kumfa kaɗai ke ɗan ƙara a kan tire.

"Mi ka ce?" in ji Baba.

"Sabulu ne, Baba. Yanzu na tabbata."

"Yanzu." Ya goge gefen bakinsa, ya dubi abin da ya gogo. "Yanzu ka tabbata."

Inna ta dawo daidai lokacin. Ta tsaya bakin ƙofa ta dubi tire, ta dubi mijinta, ta gane komai ba a gaya mata ba. Ta sa hannu ta ɗauki guntu ta taɓa da kan harshe. "Ya nuna, ba ya cizo," ta ce. "Amma Malam, taɓawa ake yi. Ba a haɗiyewa." Ta shige ciki da sauri wai za ta kawo musu nono su sha, muna jin dariyarta tun daga tsakar gida.

Baba Agali ya ɗauki butar alwala ya zaga bayan gida. Ya daɗe. Kafin ya dawo na fayyace wa Baba komai, Yuni da Oktoba da kamyon da nake tsoro, wannan karon ba wataƙila ko ɗaya. Baba ya ce wato shi da baƙonsa ne kwalaben gwajina. Baba Agali ya shigo ya zauna, ya gyara rawani, aka maimaita masa. Sai ya ce, "Ɗana, in ka koma, ka ce ma malamin naka dattijai biyu sun shaida. In yana son na uku, ya zo da kanshi." Falle biyun da suka rage ya naɗe su a jakarsa, ya ce matarsa za ta yi wanki.

A watan Oktoba na wanke kwalabe sau ɗaya, na auna mai sau ɗaya (to, sau biyu), na gama da sauran lokaci, na kaɗa guntu cikin ruwa kumfa ta tashi. Mushe ya zo da alƙalaminsa.

"Mene ne wannan?"

"Sabulu ne."

Ya jira saura, bai ji ba. "Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya tambaye ni wa ya koya mini aiki a hutu. Na ce wasu dattijai ne suka taimaka. Ya ce in gode musu, ya sa hannu a takardata.

Na gama karatu, na yi aiki shekaru, amma har Baba Agali ya bar duniya, duk abin da aka ajiye masa a gidanmu, ko ruwa ne, sai ya ɗaga kai ya tambaya, "Likita ya taɓa shi?" Ni kuma abin da na koya, in na koyi wani abu, shi ne dokar Mushe tana da kyau matuƙar kwalba ce ke jiran amsa. In hannun mahaifinka ne ya kama hanyar baki, faɗi abin da kake zato da ƙarfi, da Hausa, ka tabbatar daga baya. Ina ganin haka ne. Kusan na tabbata.