Gurbi Ɗaya Ya Rage a Ekip

"A ba da hanya! Ga mai zaɓen ƴan wasan Kadojin Gulbi, wanda Maradi ta sani, Yamai ke jin tsoro, Hezekiya ɗan Tibiri, angon Saloma!"

Shi ya yi wa kansa wannan kirarin, yana jingine moto a ƙofar gidan kakarsa da ke bakin garka a Jiratawa. Tsohuwa Saloma na tsinkar zogale a tire, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Wa ya kwance ɗan akuyan nan? Au, kai ne, mijin da bai taɓa kawo cefane ba."

"Ina kwana, amarya mai haƙori uku?"

"Huɗu ne, makaho. Mi ya kawo ka?"

Abin da ya kawo shi babba ne. Alhaji Alkasim na unguwar Zariya ya kafa Kadojin Gulbi, ekip ɗin basket, wato ƙungiyar ƙwallon kwando, mai biyan albashi, ya ce Hezekiya ya haɗo ƴan wasa goma sha biyu. Yau da la'asar za a rufe karɓar sunaye, kuma ba a yi wa kowa lisans sai da takardar haihuwa. Sha ɗaya sun samu. Cikon shi ne Anuhu ɗan kawunsa, dogon da sai ya sunkuya yake shiga coci. Takardarsa kuwa tana akwatin tsohuwa, tare da na duk jikokinta.

"Takardar Anuhu nake so, in maishe shi mutum."

"Kai wa ya maishe ka? Faɗo mini waɗanda ka tara."

Ya zaro takarda, ya gyara murya. "Jibo, mita biyu cif. Idirisa, mita biyu ba yatsa uku. Abdulrazak na Sabon Gari, in ya miƙa hannu sai ya kashe fanka."

"Ekip kake haɗawa ko rumfa za ka kafa? Duk ginshiƙai!"

"Ke mi kika sani? Da aka ƙirƙiro balo kin riga kin tsufa."

"Na san gayya. In na tara masu girbi goma ba mai miƙa musu kwando, rana za ta faɗi suna kallon juna. Wa ke kai wa dogayen naka balon?"

Hezekiya ya sosa ƙeya. Gaskiya, sati biyu suna gwaji, balon bai cika wuce tsakiyar fili ba. Dogayen sai su taru ƙarƙashin kwando suna ɗaga hannuwa, kowa na jiran wani.

"Leƙa ta kan danga," in ji ta.

Ya leƙa. Ana lodin kankana. Anuhu na saman mota, wansa Kalibu na ƙasa, gajere, kansa da ƙyar ya wuce tayar motar. Kalibu na hira da direba, bai ko duba sama ba, yana cilla kankana ta bayan kafaɗa. Kowace sai ta sauka a tafin Anuhu. Hezekiya ya ƙirga har ashirin, ba wadda ta faɗi.

"Tun suna ƙanana haka suke," in ji tsohuwa. "Ko ka ɗauki biyu, ko akwatina ya kwana a rufe."

"Haba amarya! Gurbi ɗaya ya rage."

"Karanto mini sunan farko. Na ga ka tsallake shi."

Ya yi tari. Ya duba sama. "Hezekiya. Kaftin."

Dariya ta kama tsohuwa har tiren ya karkace. "Kai? Kai da ka jefi mangwaro ka fasa mini tulu a bayanka?"

"Iska ce!"

"Ka yi gudu daga nan zuwa rijiya sai an yi maka fifita."

"Zan sake ki, Saloma. Yau ɗin nan."

"Saki, in huta da ciyar da kai."

Ya sake leƙawa ta danga. Wata kankana ta tashi, ta sauka daram. Ya ciji biro, ya ja wa sunansa layi, ya rubuta Kalibu a wurin, shi ma yana dariya. Tsohuwa ta kwance makulli daga bakin zane, ta shiga ɗaki, ta fito da takardu biyu.

Hezekiya ya ɗaga su sama, ya buɗe murya har masu lodi suka waiwayo. "Ku shaida! Yau babban mai tsara ekip ya sadaukar da kansa, ya gano gwanin da duk Nijar ba ta gani ba!"

"Kana tsaye kan kashin kaza," in ji ta.